Wurin Numfashi

A ɗakin haya a Tibilisi
Nestan ta kwana zuba ɗigo
kan layi biyar-biyar,
shayi ya huce, fensir ya gajarce.

Ta ba goge sha biyu yayyafi,
ta ba tambari tsawa,
algaita kuwa ta aza mata kogi
mai gudu ba tsayawa.

Ranar gwaji tsoho Zurab ya busa,
ya busa,
jijiyar wuya ta miƙe,
ya sauke yana haki:
“Yarinya, takarda ba ta da huhu.
Nawa biyu ne, sun tsufa.”

Aka yi dariya. Ban da ita.

Da dare ta share ɗigo uku
daga tsakiyar kogin.
Washegari, a wannan gurbi,
Zurab ya ja iska,
zauren duka ya ja tare da shi.