Rumbu a Ƙarƙashin Gado

A garinmu rumbu a tsakar gida yake tsayawa,
da hular ciyawa, da ƙafafun dutse,
baƙo ya shigo ya san an yi noma.
A nan Agege ɗakina taku shida ne,
in na yi miƙa sai na taɓa ƙofa.
Ina zan kafa shi?
Na kafa shi a ƙarƙashin gado.

Bokitan fenti huɗu da Ɗantani ya tsinto,
na wanke su har warin ya gaji ya tafi.
Jarka biyu masu murfin da ke kamawa tam.
Ban taɓa sayen buhu ba, ba ni da halin buhu.
Tafi ɗaya nake ɗiba
daga kowane awo kafin ya ga wuta.
Tukunya ba ta sani ba,
cikin yara bai kai ƙara ba.

Shekarar farko Ikko ta koya mini hankali.
Na zuba masara yadda Inna ke zubawa,
ban san iskar nan goyon ruwa take yi ba
ko da rana na dukan kwano.
Wata uku na ɗaga murfi,
funfuna ta yi gemu, fari da kore.
Na yi kukana da baki a rufe
don kada yara su ji farashinsa.

Iya Ronke ta ƙofar kusa da famfo
ta leƙo, ta tafa hannu, ta yi dariya.
Hausarta gurguwa ce, amma ta iso:
shanya a kan rufi sai ƙwaya ta yi ƙara a haƙori,
busasshen barkono a cikin wake, ƙwari ba sa son yaji,
garin rogo kuwa ɗan gida ne, ya san garin nan.
Ki ɗora kome a kan bulo,
ruwan Yuli ba ya sallama.

Na bi. Na ƙara da nawa:
kuka da kuɓewa daga motar Funtuwa,
daddawa a kwalba, gishiri, ashana a leda biyu.
Ina rubuta wata da gawayi a kan murfi,
tsoho ya fito gaba, sabo ya koma bango.
Ranar da na kwashi adashi
na wuce mai atamfa kamar ban san shi ba,
na dawo da manja.

Sadisu ya ce, Umma, yunwa muke jira?
Na ce a'a.
So nake in ta zo
ta tarar babu tabarmar zama.

Ta kuwa zo.
Rikici ya rufe kasuwa, manyan motoci suka tsaya a hanya,
Ɗantani na kwance, ba kayan da zai ɗauka,
kafaɗarsa na hutun da ba mu roƙa ba.
Na ja bokiti na farko.
Lissafina ya ce kwana arba'in, baki biyar.

Dare na shida aka ƙwanƙwasa.
Iya Ronke ce, da kwano a ɓoye cikin zane,
tana tambayata lafiyar yara, tana kallon ƙasa.
Bakinta huɗu.
Ba zan yi ƙarya ba, hannuna ya yi rawa,
arba'in na komawa ashirin da biyu a kaina.
Na tuna wa ya ce in sa barkono.
Na cika kwanon, na danna, na ƙara.

Yau an buɗe hanya. Ina ganin gindin bokiti,
fari fes, da ƙwayar wake uku a gefe.
Na auna shinkafar dare,
na ɗebi tafi ɗaya,
na durƙusa.
Ƙararta a cikin bokitin wofi
ta fi ƙarfin girmanta.
Sadisu ya juya a barci, bai farka ba.