Rariyar Ximena

A Valparaíso, kan tudu, ƙarfe biyun dare,
shayin Ximena ya huce,
ita tana ƙirga.
Saƙo dubu da ɗari huɗu ya shigo wa masunta yau,
tara cikin goma ƙaiƙayi ne:
maganin sanƙo, rance ba ruwa,
gadon attajirin da ba a taɓa haifa ba.

Da kalmomi ta saƙa rariyarta.
"Kyauta" ba ya wucewa. "Gaggawa" ma haka.
Kullum tana matse idon rariyar,
tana rubuta adadi a bayan takardar kuɗin wuta.
Adadi na sauka, zuciya na sanyi.

Ran Laraba ta leƙa dusar da ta zubar.
Can ƙasa, tsakanin caca da agogon jabu,
ga Eleuterio mai shuɗin kwalekwale:
GAGGAWA. INJINA YA MUTU A TSAKIYAR TEKU.
Kwana uku da aikowa.

An ce wani jirgi ya jawo shi, da ransa.
Duk da haka ta zare kalmar.
Kafin asuba masu maganin sanƙo sun dawo kamar tururuwa.
Ta gyara zama tana tsince su da hannu,
tsakuwa tsakuwa, cikin shinkafar mutane.