Kunnen Baba Gariba

A Aboabo, daren da aka ɗauke wuta,
Baba Gariba ya kife tiren koko a kan benci,
ya ƙirga mana marafan kwalba ashirin-ashirin.
"Ba da kuɗi ba," in ji shi. "Kuɗin suna Takoradi,
cikin jirgin da ya koya mini foka, ya cinye albashina.

Biyar gare ki, biyar gare ni.
Riƙe su a ƙirji, Fuseina,
yadda uwarki ke riƙe jaka a Kejetiya.

Biyu masu lamba ɗaya, kin sami abin taɓawa.
Biyu da biyu sun ɗara su,
uku kuma ta kore su duka.
Biyar a jere, kamar turoturo a layin tasha, sun fi uku.
Biyar masu zane ɗaya sun fi jere.
Uku da biyu, gida ya cika, a rufe ƙofa.
Huɗu? Shekara arba'in, sau biyu na gani.
Jere mai zane ɗaya kuwa, labarinsa kawai nake ji.
Ɗaya ta fi sarki. Kada ki tambaye ni dalili.

Wadda ba ta yi miki ba, yar da ita, ja wata.
In zagaye ya zo kanki, hanya uku ce:
ki biya abin da aka zuba, ki ƙara,
ko ki kife kartarki, ki yi shiru.
Kifewa ba kunya ba ce,
da na san haka, da ina da gida a Asawase."

Sai ya turo marafansa duka tsakiya,
fuska kamar bango, yana sosa kunnen hagu.
Na tsorata, na kife bakwai uku.
Ya buɗe nasa: tarkace, ko biyu babu.
Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Ba karta ake karantawa ba, yarinya. Mutum."

Wata uku ina kallon kunnen nan.
Na cinye marafansa, har ya koma ara a wurina.

Jiya a asibiti, gado na huɗu daga taga,
na ce, Baba, me likita ya ce?
Ya ce lafiya lau, jibi za a sallame ni.
Fuska kamar bango.
Hannunsa ya tashi a hankali, ya nufi kunne.

Na ce to, Allah ya kai mu.
Na kife.