Hanyar da Takarda Ke Bi

A Grimsby, bakin teku, suka kira ni,
kamfanin bandar kifi mai shekara saba'in.
"Malama Tasalla, manhajar da muka saya
ta ci kuɗi, ta ƙi aiki. Duba mana."
Na ce a ba ni mako biyu da takalmin roba,
kada a nuna mini kwamfuta tukuna.

Ƙarfe huɗu na asuba na bi oda ɗaya
kamar mai bin sawun akuyar da ta ɓata:
kwali goma sha biyu, na wani otal a Lincoln.
Ta waya ta shigo. Desmond ya rubuta a bayan hannunsa,
ya kwafe a takarda, ya soke a ƙusa.
Daga ƙusa sai ɗakin sanyi,
daga nan ta hau bene neman sa hannu
wurin manajan da ba ya zuwa sai tara.
Kifi na jira.
Direba na jira, yana kan shayi na uku.

Zanen da ke bangon ofis akwatuna ne,
kowa da ubangidansa a bisa kai,
layi ya sauko tsaf kamar igiyar guga.
Amma aiki ba saukowa yake yi ba.
A karkace yake tafiya kamar ƙaguwa,
daga mai wanki zuwa mai gishiri zuwa mai hayaƙi,
bai taɓa tambayar wa ya fi wa ba.

Manhaja kuwa zanen ta haddace.
Ta san muƙami, ba ta san Maureen ba.

Maureen, shekara talatin da ɗaya a bakin sikeli,
da ɗan jan littafi a aljihu.
A ciki akwai otal ɗin da ba ya son gishiri sosai,
da wanda ke biya a makare amma yana biya,
da motar da firjinta ke shaƙewa a hanya mai nisa.
Ranar da ta je cire haƙori
oda tara suka yi batan kai.

Alhamis na tara su a ɗakin cin abinci,
na manne bango da ƙananan takardu,
kowace ɗaya mataki ɗaya.
Na ce, "Wannan sa hannun, me yake tsarewa?"
Shiru. Can Desmond ya sosa ƙeya:
"Wani akawu ne ya taɓa yin sata.
Ya ma mutu tun ban yi aure ba."
Na ɓare takardar. Ta faɗi ƙasa,
ba wanda ya sunkuya.

Mai kamfani ya so a dama mutane
a zuba su cikin manhaja.
Na ce masa kakana tela ne a Funtua,
bai taɓa rage kafaɗar mutum don riga ta zauna ba.
Awo tukuna, sannan almakashi.
Amma fa yakan ce da mai riga, "Miƙe sosai,"
don haka manaja ya sauko da teburinsa ƙasa,
kusa da ƙauri, yana ƙunƙuni.

Yanzu mota kan tashi kafin shida.
Maureen na karanto jan littafi, ina shigarwa,
layi layi, da yatsu masu ƙarni.
Shafi ɗaya ta danne da tafin hannu.
"Wannan," ta ce, "sai ranar da zan ajiye aiki."

Na bar masa gurbi a cikin zanen.