Taƙi Biyar

Daren Laraba a Tulsa
jiniya ta yi kuka sau uku.
Muka kwashi yara muka cusa kai banɗaki,
Larai da fitilar waya, ni da katifa a ka,
Munzali yana ƙirga tsakanin walƙiya da tsawa
yadda malamarsu ta koya masu.
Ya kai biyu. Bai kai uku ba.

Aradun ba a kanmu ta faɗi ba,
itacen maƙwabci ta tsaga,
sannan ta biyo waya kamar ɓarawon da ya san gida:
ta wuce firji, ta wuce injin wanki,
ta zarce falo.

Da safe na danna, na sake dannawa.
Na canza batir. Na yi bismilla.
Na ɗan mare ta a ƙeya
yadda muke yi wa rediyon Baba a Funtuwa.
Sai ƙauri, irin na roba a murhu,
sai fuskata cikin baƙin gilashi
da furfurar da ban san ta kai haka ba.

Shekara tara tana jikin bangon nan.
Da kuɗin tuƙin dare na saye ta, ta hannu,
wurin wani tsoho da zai koma gidan 'yarsa.
A gabanta Larai ta koyi Turancin nan na hanci.
A gabanta na yi azumi tara
ina gadin ɗan agogon da ke kusurwarta
har ya ce a sha ruwa.

Mai gyara ya buɗe bayanta, ya shinshina,
ya ce kuɗin magani ya fi kuɗin majinyaciya.
'Yan inshora suka shanya ni a waya minti arba'in
da wani kiɗa marar wutsiya,
sannan murya mai zaƙi ta ce
sai asara ta haura dala dubu za su san da zamana.

Kwana shida gida tsit.
Na gano Rumasa'u da dariyar kakarta take dariya.
Munzali ya tambaye ni sunan rafin garinmu,
sai da na yi jim kafin ya zo mini.
Amma kada in yi ƙarya:
ran na bakwai duk mun gaji da fuskar juna.

Asabar, kanti.
Bango guda, talabijin sun fi sittin,
duka jan kifi ɗaya suke nunawa yana iyo.
Yaron kanti yana zuba kamar ɗan kamasho a tasha:
wannan tana jin magana,
wannan ta san abin da kake so tun kafin ka so.
Na ce a gida ina da mai wannan aikin.
Larai ta taka mini ƙafa.

Munzali ya rungume mai inci saba'in da biyar,
wadda sai an cire ƙofa za ta shiga.
Larai farashi kawai take karantawa,
tana tsaki ƙasa-ƙasa.
Ni kuwa da awona na zo:
shatar da marigayiya ta bari a bango,
inda fenti bai koɗe ba,
taƙi biyar cif, da hannuna na auna.
Na bi layi ina ɗora yatsu a kan gilashi,
yaron yana bina da tsumma.

Ta bakwai ce ta yi daidai.
Ba ta fi kowa haske ba, ba ta fi kowa baki ba.
Na ƙara dala goma sha takwas
na sayi soket mai tare mugunyar wuta,
laya dai, irin ta mutanen nan.

Tsohuwar na kai ta inda ake karɓar matattun na'urori.
Na ɗaura mata bel a kujerar baya.
Ban san dalili ba.

Inna, Allah ya jiƙanta, in hadari ya haɗo
sai ta kifa madubi, ta rufe shi da zane.
Ina ɗan sakandare na yi mata dariya,
har da bayanin kimiyya.

Jiya gabas ta yi baƙi.
Ban jira jiniya ba.
Na zare waya daga bango duk da layar,
na tsaya ina kallon gilashin,
sai na ji bakina yana cewa:
Larai, miƙo mini zanen can.