Baki Biyu Ya Ishe Ni

Sifika biyu Hudu ya bar mini,
kowacce ba ta fi tiya tsayi ba.
Shekara uku suna kan kanta,
tsakanin littattafai da kwalbar zuma,
ba uhum, ba uhum-uhum.

Bana riɗi ya yi kuɗi.
Na ware na taki, na ware na makaranta,
ragowar na cusa a aljihun ciki,
na naɗe su a tsohon zanen Ladidi,
ran Lahadi sai Gujungu.

Sabi'u na hango ni ya miƙe:
"Ga amfilifayar manya, baki bakwai a bayanta,
wat dubu! In ka murɗa,
har Ringim sai an san ka yi sayayya."
Na ce, Sabi'u, biyu gare ni,
sauran biyar ɗin me zan ba su su ci?
Farantin sola ɗaya ne a rufina,
batirin kuwa da isha'i yake fara hamma.
Raƙumi kake tallata mini,
ni da turken akuya.

Can ƙarshen layi, gindin dalbejiya,
Malam Namadi na zaune cikin hayaƙin dalma.
Ya juya sifika, ya kai ta bakin ido.
"Om takwas. Wat sittin.
Ka taɓa haɗa shanun huɗa?
In ɗaya ya fi ƙarfin ɗaya,
kunya karkacewa take yi.
Kada ka ce ƙarama ce lafiya:
matsa wa rarrauna, ta shaƙe,
ta ƙone maka siririn baki.
Lambar jikin kwali ta ɗan kasuwa ce.
Ɗaga ka ji nauyi. Sannan ka ba kunne."

Uku ya jera mini a kan benci.
Na zaro kaset daga aljihu,
wanda Hudu ya aiko daga Fatakwal
shekarar da bai dawo ba.

Ta farko ta mai da shi gangar noma,
gidim-gidim, ba a jin harafi.
Ta biyu ta mai da shi sauro.
Ƙanena bai taɓa magana ta hanci ba.

Ta uku kwance ce, fentinta ya koɗe,
ba rimot, maɓalli ɗaya na aro ne,
amma da na ɗaga sai da na gyara tsayuwa.
Namadi ya murza waya, ja ga ja, baƙi ga baƙi.
"Inna, ina gaisuwa. Na ji an ce ƙafar ta tashi."
Sai ɗan tarin nan nasa.
Sai kuma, can bayan muryar,
abin da rikodata ba ta taɓa faɗa mini ba:
ashe ruwa ake a kan kwanon ɗakinsa.

Ban iya ciniki ba ranar.
Namadi ya ce albarka sau ɗaya,
ya dube ni, ya ce kawo,
ya ƙara mini waya kamu shida.

Da dare na raba su, dama da hagu,
na janye su kaɗan daga bango yadda ya ce,
na sa tabarmar Inna a tsakiya.
Rabin murɗi ma ban kai ba.

Rani ne, ko gajimare babu.
Inna ta ɗaga kai ta dubi azara:
"Ladidi, maza kwashe shanya."
Ladidi ta yunƙura.
Sai aka ce, "Inna, ina gaisuwa."

Ba wanda ya fita.
Koren idon batiri ya koma ja,
na bar shi.