Rufin Aji Uku

Makarantu goma sha ɗaya ke wuyana.
Babur ɗina ya haddace ramukan hanya
daga ofishin ilimi na Wurno
har inda kwalta ta gaji, ta sallama wa yashi.
A jakata biro biyu, kwalin alli,
da fom ɗin da ba ya ƙarewa.

Ran Litinin sakatare ke zama da mu.
Wa ya rasa malamin lissafi?
Wa aka kai wa benci ashirin babu ƙusa?
Albashi ya shigo? Bai shigo ba.
Mu sa hannu, mu watse.

A Tungar Mande, iskar ruwan farko
ta yaye rufin aji uku
ta kifa shi a gonar Arzika, kan geron da ya tsiro.
Hedimasta Cindo ya rubuta,
ni na ɗauko, sakatare ya buga hatimi,
takarda ta hau mota zuwa Sakkwato.
Can ta iske 'yan'uwanta jibge a tebur,
suka gaisa,
ta nemi wuri ta kwanta.

Hadari kuwa bai san hatimi ba.

Kwamitin iyaye ya zauna a gindin tsamiya.
Inno Tumba mai ƙuli ta gyara lulluɓi:
"Wanga aiki namu na.
Ɗiyanmu ruwa ka duka, ba ɗiyan birni ba."
Ta kwance bakin zane, ɗari biyar ta fito a nannaɗe.
Maƙeri ya miƙar da kwanon da ya lanƙwashe.
Arzika ya yafe geron da aka danne,
ya ƙara da azara huɗu.
Kwana tara, aji ya sami inuwa,
ko da yake in rana ta take
kana ganin taurari ta tsofaffin hujin ƙusa.

Na buɗe rajista: suna tamanin da bakwai.
Na ƙirga kai: hamsin da biyu.
Sauran na gona, noman fari ya kama.
Fom ya ce in rubuta dalili a layi ɗaya.
Na rufe shi, muka bi zaure-zaure ni da Cindo,
muna shan ruwan randa, muna ciniki:
ku ba mu safiya, mu bar muku yamma.
Wasu suka yarda.
Wani ya ce in dawo bayan kaka.
Zan dawo.

Sai ranar kasuwar Achida.
Arzika ya fasa rumbun albasa,
buhu arba'in da ɗaya ya loda da hannunsa.
Dillali ya zana takarda ya miƙo.
Luba, 'yar aji biyar, ta leƙa ta ƙarƙashin hammatar uban:
"Baba, huɗun nan gaba ya kamata ta tsaya.
Ya sa ta baya."
Dillali ya yi tari,
ya ce biron ne.
Ya gyara.

Washegari ga Arzika a bakin ofis
da ƙullin albasa, yana tambayar masinja
wa ke da makaranta, ya yi masa godiya.
Masinja ya nuna ni.
Na duba ƙofar sakatare,
na tuna Cindo da albashinsa na wata biyu,
na tuna bakin zanen Inno Tumba.
Muka raba albasar, har mai gadi.

Wata bakwai takarda ta dawo:
an amince a yi rufin aji uku.
Muka rubuta wata, muna roƙon a juya kuɗin
zuwa bangon aji huɗu, da ya fara buɗe baki.

Gobe Talata.
Akwai makarantar da rijiyarta ta ƙafe,
ga man babur saura lita ɗaya.